Ramin da Ummi ta haƙa wa Auta

Asabar.

Yau ban leƙa ko ƙofar gida ba sai don salla. Tun da hantsi aka ɗauke wuta, zafi kuma ya taso da wuri, don haka muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Da yara suka dawo daga Islamiyya, ko hijabi Ummi ba ta cire ba ta ɗauko Switch, na'urar gem ta hannu da kawunta ya bar mana, wadda ta kwana a caji. A gidan nan ba a taɓa gem sai ƙarshen mako, kuma sai an yi muraja'a. Ta ce, "Abba, yau zan gama matakina, Auta ne zai fara gwadawa."

Wasan da suka maƙale wa a 'yan makonnin nan shi ne Super Mario Maker 2, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a watan Yunin 2019. Na farkonsa ya fito a 2015 a kan na'urar Wii U, shekarar da Super Mario Bros. ya cika shekara 30. Mario dai kowa ya san shi: gajere mai jar hula da gashin baki, yana gudu daga hagu zuwa dama, yana taka kunkuru, yana shiga bututu. Abin da ya bambanta wannan shi ne kai ne magini. Za a ba ka fili fayau da aka rarraba gida-gida, ka sa ƙasa inda kake so, ka jera bulo, ka zuba sulalla, ka ajiye abokan gaba, sannan ka danna maɓalli ɗaya Mario ya sauko cikin abin da ka gina nan take. Akwai salo biyar na zane. Huɗu daga ciki, wato na Super Mario Bros. na 1985, da Super Mario Bros. 3, da Super Mario World, da New Super Mario Bros. U, ana iya sauya su a kan gini ɗaya ba tare da an share ginin ba. Na biyar, Super Mario 3D World, shi kaɗai yake. In ka koma gare shi sai an share filin an fara daga tushe.

Ummi ta zaɓi salon Super Mario World, ta sa shi a hamada. Ta yi gangare mai kyau a farko, abin da babu shi a wasan farko sai a wannan na biyu, ta ɗora rana mai fushi da ke bin Mario tana kawo masa sura. Daga nan sai wani ƙaton rami. A saman bakin ramin kuma, daidai inda mutum zai yi tsalle, ta ɓoye bulo wanda ba a ganinsa sai an buga masa kai. Auta ya karɓa da murna, ya sauko gangaren a guje, ya yi tsalle, kansa ya daki abin da bai gani ba, ya zurma rami. Ya sake, ya sake faɗawa. Ina kallon fuskarsa tana canjawa, leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Shekararsa bakwai, kuma ya ɗauki abin da gaske.

"Yaya, wannan ai cuta ce."

"Ba cuta ba ce, kai ne ba ka iya ba. Ana wucewa."

Na ce mata, "To Ummi, karɓi ki wuce mu gani." Ta san inda bulon yake, ta kauce masa, amma ramin ya yi faɗin da Mario ba zai kai ɗaya gefen ba ko da gudu ya zo. Ta gwada ta kowace hanya. Sai ta yi shiru.

A nan ne na gaya mata dokar da ta sa nake ganin girman wannan wasa. Ba za a bar ka ka ɗora mataki a intanet don mutanen duniya su buga ba sai kai da ka gina shi ka fara ƙare shi da hannunka, daga farko har tuta. In ka kafa tutar hutu a tsakiya, dole ka sake ƙarewa daga wurin kuma. Mai girki ce ake sa ta ɗanɗana miyarta kafin ta zuba wa baƙo. Ina son yarana su saba da wannan tun suna ƙanana, cewa abin da za ka ɗora wa wani sai ka fara ɗauka da kanka. Dokar ba ta hana mugunta gaba ɗaya, don akwai gwanayen da ke gina matakan da ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya iya wucewa, amma aƙalla an tabbatar hanya na nan.

Hajiya tana daga gefe tana tsince shinkafa, ta ɗago ta ce, "Ni dai ban ga abin sa yaro kuka a kan kunkurun talabijin ba. Ku bar shi ya sha ruwa." Gaskiyarta, muka ajiye, aka yi azahar, aka ci abinci.

Bayan azahar na zauna da Ummi mu biyu. Na tambaye ta ko ta tuna matakin farko na tsohon Mario, wanda mu muka buga a shagon gem na unguwarmu da kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ana biyan kuɗi ana jiran layi. Na zana mata shi a bayan littafin rubutu, don har yau yana kaina. Babu rubutun da ke ce maka yi kaza. Mario yana tsaye a hagu, fili duk yana dama, sai ka gane inda za ka nufa. Goomba, wani ɗan ƙaramin abokin gaba, guda ɗaya ya taho a hankali, dole ka koyi tsalle. Ka buga bulo mai alamar tambaya, laimar kwaɗi ta fito, ta gangara ta daki bututu ta juyo kanka, ga bulo a samanka ya tare maka hanyar gudu, ta taɓa ka, sai ka ga ka girma. Ka gane ke nan wannan abokiya ce. Can gaba akwai matakala biyu masu fuskantar juna da ƙasa a tsakaninsu. In ka faɗa ba abin da zai same ka. Nan kusa sai a maimaita su, amma yanzu rami ne a tsakiya. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, waɗanda suka tsara tsohon Mario, a kan takarda mai gida-gida suka riƙa zana irin waɗannan matakai da hannu kafin a shigar da su kwamfuta, kuma Tezuka ɗin ne ya jagoranci fitar da Mario Maker bayan shekaru masu yawa.

Ban ce mata ta cire ramin ba. Ita ta ɗauki na'urar ta koma ciki. Akwai wani abu a wurin gini da ke nuna sawun Mario, wato inuwarsa jere a iska tana nuna daidai inda tsallensa na ƙarshe ya bi. Ta kunna shi, ta ga inda inuwar ta fara sauka, ta jawo bakin ramin da yatsa har zuwa wurin, ta ƙara gida ɗaya don sauƙi. Ta cire ɓoyayyen bulon. Sai ta yi abin da ni ban kawo shi a raina ba: ta jera sulalla a sama kamar baka, daga wannan gefe zuwa wancan, yadda duk wanda ya bi kuɗin zai sauka lafiya. Kafin babban ramin kuma ta haƙa ƙarami mai ƙasa a ciki. Tana yi tana magana ita kaɗai, "A nan zai ji tsoro, bari in ba shi laima tukuna." Wannan maganar ce ta fi tsaya min a rai duk yinin. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta zauna tana tunanin abin da ƙaninta zai ji a kowane taku.

Auta ya ƙi karɓa da farko, sai da ta ce masa, "Haba ɗan ƙanina, zo ka gani, na gyara maka." Ya faɗa ƙaramin ramin, ya fito da kansa. A babban ya bi sulallan, ya dira a ɗaya gefen, ya yi ihun da ya kori kajin Hajiya daga bakin rijiya. Ranar mai fushi ta kashe shi daga baya, amma bai yi fushi ba, don ya ga abin da ya kashe shi da idonsa.

Wajen la'asar aka kawo wuta, muka haɗa da talabijin. Ana iya gini mutum biyu lokaci guda, kowa da Joy-Con ɗaya, wato abin dannawa da ake cirewa daga gefen na'urar, sai dai a talabijin babu taɓa allo, sai lalube da maɓalli, kuma Ummi ba ta son haka. Auta ba ruwansa, Goomba kawai yake ɗorawa kan Goomba har suka kai sama. Ba su daɗe ba suka koma ɓangaren labari, inda wani kare ya taka maɓallin da ya rushe fadar Gimbiya Peach, Mario kuma yake aikin ƙwadago yana tara kuɗin sake gini. Matakai sama da 100 ne a ciki waɗanda ma'aikatan Nintendo suka tsara, kuma kusan kowanne yana nuna wata dabara da yaro zai iya ɗauka ya yi amfani da ita a nasa.

Da daddare maganar ɗorawa a intanet ta taso. Sai an biya kuɗin Nintendo Switch Online, wato rajistar intanet ta kamfanin, kafin a ɗora ko a buga na wasu. In an ɗora, ana ba matakin lamba mai harufa da alƙaluma tara, wanda duk ya samu zai iya nemo shi, ko a Japan yake ko a Brazil. Mai ginin zai ga mutum nawa suka gwada, nawa suka wuce, har da jajayen alamomi a wuraren da aka fi mutuwa. Ummi wannan take so ta gani. Mamansu kuwa damuwarta saƙonnin da baƙi ke iya bari a kan mataki, kuma ina tare da ita a kan haka. Ni ma ina da tawa: a Mario Maker na farko an daina karɓar sababbin matakai a Maris 2021, aka rufe hanyar intanet ɗinsa gaba ɗaya a Afrilu 2024, har wasu masu wasa suka haɗa kai suna rige-rigen ƙare duk matakin da ba a taɓa wucewa ba kafin ranar rufewa. Don haka na ce wa Ummi duk abin da ta gina ta adana shi a cikin na'urar, ta kuma zana shi a littafi.

Mun tsaya a kan cewa za a biya na wata ɗaya in an gama jarrabawa, ba da sunanta na gaskiya ba, kuma ni zan riƙa duba saƙonnin kafin ta gani. Ta yarda. Ta ce kafin lokacin za ta ƙara ɓangare na biyu ta cikin bututu, da ruwa mai hawa yana sauka, kuma Auta ya riga ya sa sharaɗin cewa shi ne mai gwaji, sai ya wuce za a ɗora.