Makonni uku da na ɓata saboda na haɗe rukunai huɗu wuri guda

Har yanzu idan na tuna da makonni ukun nan sai raina ya sosu, domin gaggawa ce kawai ta jawo mini. Ina da ma'aunin tsayin tsirrai da aka bai wa taki iri huɗu, kuma kafin in gudanar da ANOVA, wato gwajin da ke kwatanta matsakaitan rukunai, na so in tabbatar cewa alƙaluman sun bi rarrabuwar nan mai siffar ƙararrawa, inda yawancin ma'aunai ke taruwa a tsakiya, domin na ɗauka sharaɗinsa ke nan. Sai na tattara dukkan ma'aunan a ginshiƙi ɗaya, ban kula da rukuni ba, na sa su a gwajin Shapiro-Wilk, mai duba ko alƙaluma sun bi wannan siffa, cikin manhajar R. Ƙimar p, wato lambar da gwajin ke bayarwa, ta fito ƙasa da 0.05, alamar cewa alƙaluman sun kauce wa siffar ƙararrawa, ni kuwa nan take na yanke cewa ANOVA ba ta dace ba, na koma ga Kruskal-Wallis, gwajin da ba ya buƙatar wannan siffa, har na rubuta babi sukutum a kansa.

Ranar da na kai wa malamin da ke duba aikina, bai ko dubi ƙimar p ɗin ba, sai ya ce in zana masa yadda alƙaluman suka bazu. Zanen ya fito da tozo biyu, ɗaya gajere a hagu, ɗaya dogo a dama. Ya ɗora bakin alƙalaminsa a kwarin da ke tsakaninsu, ya ce, "Malam, ai wannan shi ne bambancin da kake nema, kai kuma ka ɗauke shi cuta." Taki biyu sun fi sauran biyun ƙarfi, don haka matsakaitan rukunan sun yi nisa da juna, kuma duk wanda ya cakuɗa irin waɗannan rukunai dole ƙararrawar ta karye, ko da kowane rukuni lafiyarsa lau.

Sharaɗin ANOVA yana kan ragowa ne, wato tazarar da ke tsakanin kowane ma'auni da matsakaicin rukuninsa. Da na lissafa ragowar na yi zanen Q-Q, wanda ɗigoginsa ke bin miƙaƙƙen layi idan alƙaluma sun bi siffar ƙararrawa, sai ɗigogin suka kwanta a kan layi, in ban da biyu da suka ɗan karkace a can ƙarshe. Aikin bai ci mini minti goma ba, abin da ya ƙara mini takaici ke nan.

Na kuma gwada kowane rukuni shi kaɗai, amma nan ma akwai tarko. Idan aka yi gwaji huɗu, kowanne a matakin 0.05, yiwuwar aƙalla ɗaya ya faɗi bisa tsautsayi ta kusan kashi 19 cikin 100, ko da babu matsalar komai. Bugu da ƙari, gwajin da Shapiro da Wilk suka wallafa a 1965 yakan kasa gano karkata idan ma'aunan kaɗan ne, idan kuwa suka kai dubbai sai ya kama mutum da laifin da bai taka kara ya karya ba. R ma ba ta karɓar fiye da ma'auni 5000 a cikinsa.

Shi ya sa yanzu nake fara zana kowane rukuni daban, in duba ragowa, in gwada daidaiton bazuwa da gwajin Levene, sannan in waiwayi ƙimar p. Babin nan na Kruskal-Wallis kuwa yana nan a kwamfutata, na kasa goge shi, kuma ban sake buɗe shi ba.