Toyota 86 ta hannu a Jidda: yadda na saya da yadda nake riƙonta

Mai neman ƙaramar motar tsere ta Japan a Saudiyya da kuɗi kaɗan, kasuwarsa ba ta da faɗi, kuma doka ce ta tsuke ta. Ba a shigo da motar hannu da ta wuce shekara 5 da ƙerawa, sai irin tsofaffin nan na tarihi da suka haura 30, mai sitiyari a dama kuma ba a yi mata lamba. Saboda haka Nissan Silvia da tsohuwar Nissan Skyline da samarinmu ke kallo a waya suna haɗiyar yawu, sai dai kallon. Abin da ke hannun mutane a cikin ƙasa shi ne abin saye, kuma yawancinsa ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso gare ka.

Da na tara abin da na tara daga aikina a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, motoci uku ne kuɗina zai iya taɓawa. Akwai Nissan 350Z, mai injin V6 na lita 3.5, wadda ta fito tun 2002. Ƙarfi kam tana da shi, amma duk wadda na gani a Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, ta tsufa, ta sha wahala, kuma shan manta ba na mai albashi irin nawa ba ne. Akwai Mazda RX-8, wadda ta fi su araha nesa ba kusa ba, sai dai injinta ba irin wanda makanikanmu suka saba da shi ba ne. Ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, kuma da gangan aka ƙera shi yana ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan. Idan ya raunana, samun wanda zai buɗe shi ya mayar daidai aiki ne. Ta ukun ita ce Toyota 86, wadda Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka fitar a 2012, ana ƙera ta a masana'antar Subaru da ke Gunma, tagwaiyarta kuma ita ce Subaru BRZ. Injin lita 2 ne, ƙarfin doki wajen 200, tayoyin baya ke tura ta, nauyinta bai wuce kilo 1,300 ba. Ita na zaɓa, don kayan gyaranta suna samuwa, wakilin Toyota kuma yana kowane babban gari.

Zaɓen irin motar bai ba ni wuya ba. Wuyar tana wajen gano wane ne ya riƙe ta kafin ni.

A ƙasar nan, mota mai tura baya kuma mai araha, samari masu tafhiɗ, wato wasan murza taya a titi, suna rububinta. Hukuma ta tsananta hukunci tun 2016: riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku, ga kuma tsare motar. Duk da haka wasan bai mutu ba, kuma motar da aka yi shi da ita ba ta faɗa maka a hoto. Ana wanke ta, a shafa mata mai, a rubuta cewa babban mutum ne ke hawa. Shi ya sa ban je ganin ko ɗaya ni kaɗai ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bakanike ne a sana'iyya, wato unguwar garejoji, ya tsufa a ƙarƙashin motoci, kuma shi na roƙa ya riƙa raka ni bayan la'asar.

Wata fara da muka gani ta shiga raina tun daga nesa. Fenti yana ƙyalli, kujeru ba yagewa, kuɗin kuma ƙasa da na sauran. Kawu bai ko buɗe murfin injin ba. Ya durƙusa wajen tayar baya, ya zura hannu cikin ramin da ke samanta, ya kankaro da farce, ya buɗe mini tafinsa. Ɓarɓashin roba ne baƙi, ya narke ya manne ya bushe. Ya nuna mini tayoyin baya sababbi ful, na gaba kuwa sun kusa siɗewa. Ya ja birkin hannu, sai ya taho sama sakwaf ba tare da ya kama ba.

"Ka gani, ɗana? Wannan ba ofis take zuwa ba."

Na ce, "Kawu, ai kuɗinta ya yi sauƙi, ko da gyara sai a yi."

Ya ce, "Araha ba ta ado. Kuloci ka canja, na yarda. Giyabos fa? Injin da aka yi ta kaiwa ƙarshen allura a tsaye, babu iska mai shiga lagireto, wa ya san abin da ya rage a cikinsa?" Muka yi wa mai ita godiya muka tafi.

Abu na biyu da ya koya mini dubawa na Jidda ne musamman, wato ruwa. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ambaliyar Nuwamban 2009, da ta farkon 2011, da ta Nuwamban 2022, ya kuma ga motoci jere cikin ruwa har rufi. Wasu daga cikinsu an busar an sayar. Mota gajeriya irin wannan kuwa ita ruwa ke fara cinyewa. Kawu yakan ɗaga kafet ya sa hanci, ya haska ƙarafan da kujera ke gudu a kansu ya nemi tsatsa, ya ciro tayar safiya ya duba ko akwai busasshen laka a ƙasan but. Haka yake yi wa waɗanda aka shigo da su daga Amurka, ya ƙara da auna kaurin fenti, don da yawa an gyara su ne bayan haɗari. Ni dai na tsaya a kan ƙirar da aka yi domin ƙasashen Khalij, wato Saudiyya da maƙwabtanta na yankin Gulf.

Wadda na saya a ƙarshe ba ta fi sauran kyau ba. Ruwan toka ce, ƙirar 2013, giyar hannu, da ɗan kwarzane a bambar gaba. Mai ita mutum ne mai furfura a gemu, yana ajiye ta a inuwa, kuma da na tambayi takardun sabis sai ya fito da su a jaka, a jere. Har da takardar aikin da kamfani ya kira motocin farko-farko a 2018 don canja sifirin na bawul. Salansa tata ce ta asali, ba a taɓa kwamfutar injin ba, ba a rage mata tsawo ba. Na ciro rahoton Mojaz, mai nuna tarihin mota, na gwada kilomitar da ke ciki da ta allon mota, suka yi daidai. Muka kai ta wurin gwaji mai zaman kansa aka ɗaga ta sama. Ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Ta fi farar nan tsada sosai, amma ba ta kai kuɗin sabuwar Yaris ba. Canja suna ta Absher, manhajar gwamnati, muka yi, bayan an tabbatar istimara (takardar rajistar mota) da fahas (gwajin lafiyar mota) da inshora duk suna da rai kuma babu tara a kanta.

A nan ne riƙo ya fara, kuma zafi ne babban abokin hamayya. Bazarar Jidda takan haura digiri 40, ga laima, ga gishirin teku a iska. Littafin motar ya ce baƙin mai 0W-20, shi nake zubawa, amma ba na jiran kilomitar da littafin ya yanka, ina juye shi da wuri, ina kuma zaro sandar awo duk ranar Juma'a kafin in fita masallaci. Batir ba ya daɗewa a nan kamar yadda yake yi a ƙasashe masu sanyi. Robobi suna bushewa su tsage. Ƙura tana toshe haƙoran lagireto, sai an riƙa wankewa a hankali. Fetur kuwa ja take sha, wato 95, wanda lita take riyal 2.33, ba kore na 91 mai riyal 2.18 ba. Bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma injin mai matsi irin nata ba ya son a yi masa rowa a nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fulogi. Injin kwance yake, fistin biyu dama biyu hagu, irin na Subaru, kuma fulogan suna can gefe a matse da jikin mota. Aikin da ake gamawa a Corolla kafin shayi ya huce, a nan sai an cire abubuwa, wasu ma sai sun ɗan ɗaga injin. Kuɗin hannu ya fi kuɗin kayan. Wanda zai sayi irinta ya tambaya ko an canja su, don yawancin masu sayarwa suna barin wa mai saye wannan aikin.

Akwai kuma tsadar da ba ta riyal ba. Kujerun baya na yara ne ƙanana, ko jaka. Inna ta gwada shiga gaba sau ɗaya, gwiwarta ta hana, tun daga nan idan zan kai ta Makka wajen 'yan'uwa a Shara Mansur sai in ari Camry ɗin yayana. Lokacin Umara, baƙi suna sauka daga Kano da Zinder da akwatuna, ni kuwa ba ni da amfani a filin jirgi. Wannan yana damuna, domin a cikinmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce, ta dangi ce, kuma duk wanda zai sayi mai ƙofa biyu ya kamata ya san wa zai ɗauki nauyin da ya sauke. Na gyara abin da zan iya: idan na ari motar Yaya, ni ke cika tanki, sabis ɗinta kuma na ɗauke masa. Dattawan unguwa ma sun ɗan ja baya da farko, don a idonsu irin wannan mota ta marasa jin magana ce. Ba da baki na amsa musu ba. Sun ga yadda nake shiga layi a hankali saboda yara, suka saki jiki.

Game da gudu, gara in faɗi gaskiya don kada wani ya saya ya yi da-na-sani. Ba ta da shi yadda siffarta ke nunawa. Takan ɗauki wajen daƙiƙa 7 da rabi kafin ta kai kilomita 100, kuma tsakanin juyi 3,000 da 4,500 ƙarfinta yakan ɗan faɗa kafin ya dawo. A miƙaƙƙen titin Jidda zuwa Makka, manyan motocin Amurka masu V8 suna wuce ni ba tare da direban ya ajiye kofin gahawarsa ba. Kyamarorin Sahir masu kama gudu kuma suna nan ko'ina, saƙon tara yana riga ka isa gida. Idan yaro ya tsaya kusa da ni a danja yana taka totur, ina barinsa ya tafi.

Daɗinta yana kan hanyar Hada, wadda ke hawa dutse daga ɓangaren Makka zuwa Ɗa'if, har tsawon kusan mita 2,000. Nakan fita bayan asuba, kafin iyalai su cika hanya. Kwana ce bayan kwana, kuma a nan ne kwanciyar injin nan da ya wahalar da ni wajen fulogi take biyan bashinta, don nauyin yana ƙasa, motar ba ta rinjaya. Kana juya sitiyari hancinta ya bi, kamar dokin da ya san linzamin mai shi. Tayoyinta sirara ne, 215 a kan rim 17, da gangan aka yi haka, don direba ya ji abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa tun yana cikin gudun da doka ta yarda. Giya ta biyu, ta uku, a dawo ta biyu, hannu da ƙafa suna aiki tare, iska tana yin sanyi kana hawa, har ka kashe esi ka sauke gilashi. Sai dai a kula da birai da ke zama a bakin hanya, da hazo da kan sauko ba sallama, wani lokaci har a rufe hanyar. Wajen saukowa kuma da giya ake riƙe mota, ba a kwanta a kan birki har ya yi zafi.

Ban canja mata komai ba, kuma ba ni da niyya. Abokai sun yi ta zuga ni in sa babbar salansa ko turbo. Salansa mai ƙara laifi ce a wurin 'yan muruur, wato 'yan sandan hanya, tana iya hana ka cin fahas na shekara, turbo kuma ƙarin zafi ne a garin da zafi ya riga ya yi yawa. Kuɗin da zan kashe a can nake warewa duk wata a asusu na daban, na taya da batir da abin da ba a zata ba. Kayan bodi, irin su fitila da madubi, a tashlih nake nema, wato inda ake kwance tsofaffin motoci ana sayar da kayansu, kayan cikin injin kuwa sababbi na asali kawai.

Yanzu kuloci ne a gabana. Ya fara kamawa can sama, Kawu ya taka ya ce zai kai ƙarshen sanyi idan ban matsa masa a cunkoso ba. Na riga na yi odar faranti da sauran kayan, suna ajiye a shagonsa, kuma mun yi magana cewa idan an sauke giyabos za a canja man da ke ciki da na difaransha gaba ɗaya, tunda kuɗin hannun ɗaya ne.