Na ajiye usur, ga abin da ya faru da mu a lig

Jiya na mayar musu da makullin sito da agogon awon lokaci guda biyu da usur, duk da dai usur ɗin da kuɗina na saye shi amma na ce su riƙe kawai. Shekara 6 ina koci a kulob ɗin ninkayar nan, tun muna da yara 9 har muka kusa 40, kuma tun ranar da aka rufe lig waya ta ba ta huta ba, wasu tsakani da Allah suke tambaya wasu kuma gulma ce kawai ke cinsu, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ni ma in huta. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suke wurin sun san kansu.

Sakamako dai kowa ya gani a gurup. Kulob 6, zagaye 4, mun ƙare a na 3, maki 7 ne tsakaninmu da na 2. Wanda bai san ciki ba zai ce ai ba laifi tunda bara na 5 muka zo. To ni na san inda maki 10 suka tafi, don a gabana suka tafi kuma da hannuna a ciki.

Yadda ake lissafi a lig ɗinmu, na ɗaya maki 6, ana sauka har na shida ya samu 1, amma a ninkayar karɓa-karɓa ana ninka makin sau biyu, shi ya sa duk kocin da ya san abin da yake yi can yake zuba ido. A ta haɗaka yara huɗu ne, kowa da salonsa kuma jerin ba ya canzawa: na farko rigingine, na biyu salon kwaɗo, na uku malam-buɗe-littafi, na ƙarshe firistayil, wato ninkayar rub da ciki ana wurga hannu ɗaya bayan ɗaya. Da safe ake miƙa kati a tebur da sunayen huɗun nan a jere, kuma dokar a fili take, yadda ka rubuta su haka za su shiga ruwa, in ka saɓa an soke ku. In an riga an rufe karɓar kati ba a canza mutum sai in rashin lafiya ce. Ba dokar Kaduna ba ce, ta hukumar ninkaya ta duniya ce, wadda a da muke kira FINA kafin su koma World Aquatics. Na san dokar nan kamar yunwar cikina, ni nake koya wa yara ita. Ku riƙe wannan.

Akwai wani yaro daga Kabala, shekararsa 13, a bakin kogin Kaduna na tsinto shi shekara 3 da suka wuce yana tsere da abokansa daga wannan dutse zuwa wancan, kai a sama kamar agwagwa yana ta dukan ruwa ba tsari, amma wallahi ruwa ya san shi. Ranar farko da ya zo wurinmu ko wandon ninkaya ba shi da shi, da gajeren wandon ƙwallo ya shiga, kuma sai da na fara kai shi asibiti saboda tsargiya, kun san yaran kogi da fitsarin jini, shi a ganinsa ma ba ciwo ba ne tunda duk abokansa suna yi. Wata 8 na yi ina fama da shi ya yarda ya tsoma fuska cikin ruwa ya fitar da iska ta hanci. Da ya kama kuwa, malam-buɗe-littafi da ke gagarar manya shi kamar wasa. Kuɗin motarsa ni nake ba shi, da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi akwai ranakun da ba ni da shi, yaron nan da ƙafa yake zuwa ya koma, bai taɓa fashi ba ko da hunturu da ruwan yake kamar ƙanƙara yara suna fitowa haƙora na kaɗawa.

Shi na rubuta a na uku a katin 'yan ƙasa da 14 ranar zagayen ƙarshe. Na miƙa kati tun ƙarfe 9.

Saura kamar minti 20 a kira su sai ga ciyaman ɗin kulob ɗinmu ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙarƙashin kanofi da baƙinsa, abokan kasuwancinsa ne ya gayyato daga Abuja. Ya ja ni gefe ya ce koci, yarona zai shiga wannan. Na ce ranka ya daɗe ai an rufe kati. Ya ce to ka je ka ce musu ɗayan ba shi da lafiya mana, abu mai sauƙi. Na ce Alhaji yaron ga shi can tsaye lafiyarsa ƙalau, kuma naka bai iya malam-buɗe-littafi ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce to ka sa shi a inda ya iya, ko sai na tuna maka wa ke sayen dizal da kilorin a wurin nan?

Kuma gaskiya ce, shi ke saye. Duk ranar da aka ɗauke wuta famfon tace ruwa ya tsaya, kwana uku ruwan zai fara komawa kore kamar kududdufi, in ba janareto ba babu tirenin, kuma alawus ɗina na wata ma daga aljihunsa yake fitowa. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ɗan nasa kuma ba mugun yaro ba ne, kar wani ya je ya tsangwame shi, yana da ladabi, yana ƙoƙari a firistayil, kawai dai ba ya cikin huɗun farko kuma shi kansa ya sani.

To ga inda laifina yake, kuma shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Hanya biyu ce a gabana, ko in ce wa ciyaman a'a in ɗauki abin da zai biyo baya, ko in je tebur in sharara musu ƙarya. Ni kuma ban yi ko ɗaya ba. Na kasa ce masa a'a saboda tsoro, na kuma kasa zuwa in yi wa yaro ƙaryar ciwo yana tsaye da gilashin ruwa a goshinsa yana miƙe hannuwa. Sai na zaɓi ta uku wadda ta fi duka wauta, na mayar da mai firistayil ɗinmu na uku, na sa ɗan ciyaman na ƙarshe, na cire yaron Kabala, kati kuma na bar shi yadda yake ina cewa a raina wa zai duba, rana ta yi zafi alƙalai sun gaji kowa so yake a tashi.

Da na ce masa ba zai shiga ba bai ce komai ba, sai da na juya ya ce koci na yi wani laifi ne? Na ce a'a ka huta ne. Ya cire gilashin ya je ya zauna can ƙarshen benci. Har yau in na tuna wannan tambayar barci ƙaurace min yake.

Aka busa, yaranmu suka yi abin da za su iya, mai rigingine da mai kwaɗo suka ba da tazara mai kyau, mai firistayil ɗin da na tura malam-buɗe-littafi ya sha wuya a mita 25 na biyu hannuwansa da kyar suke fitowa amma ya riƙe, ɗan ciyaman ya karɓa muna gaba aka wuce shi daf da bango, muka taɓa na biyu. Maki 10 ke nan. Ciyaman ya miƙe yana tafi baƙinsa na ɗaukar bidiyo, ni ma har na fara ajiyar zuciya ina cewa Allah ya rufa asiri. Ko minti 5 ba a yi ba sai na ji lasifika, layi na 4, wato mu, an soke su, ba su bi jerin da ke kati ba. Ashe matar da ke duba sunaye a wurin jira ta san yaron Kabala sarai, ita ta ba shi lamba a zagaye na 2, da ba ta gan shi a kan dakalin tashi ba sai ta ɗauko kati ta duba. Aikinta ta yi, ba na jin haushinta ko kaɗan, da ni ne a kujerarta haka zan yi.

Ku yi lissafin da kanku. Maki 7 aka fi mu. Da an bar mana 10 ɗin mu ne na 2. Da kuma na bar katin ya yi aikinsa yaron ya shiga, da lokutan da nake ɗauka a tirenin ban ga wanda zai kamo mu ba, 12 ke nan.

Da daddare sai ga dogon saƙo a gurup ɗin iyaye daga ciyaman, wai yana ba kowa haƙuri bisa sakacin da koci ya yi wajen cika kati, kuma kwamiti zai zauna a kai. Sakaci fa. Ko kalma ɗaya babu a kan wanda ya ja ni gefe. Iyaye suka yi ta turo Allah ya kyauta, wata Hajiya ma ta rubuta ai dama tuni ya kamata a nemo ƙwararre daga Kudu, ita da ɗiyarta ta zo tana tsoron ruwan bokiti yanzu tana mita 50 ba tsayawa, wa ya koya mata oho. A zaman kwamiti na buɗe baki zan yi bayani sakatare ya taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur, bayan an tashi ya ce min ɗan'uwa ka yi haƙuri ka haɗiye, in Alhaji ya janye hannu kulob ya mutu. Duk waɗanda ke zaune a wurin sun san abin da ya faru, biyu ma suna tsaye a kusa lokacin da yake maganar dizal, amma aka shafa min kashin kaji aka yi addu'a aka watse.

Ban ce ba ni da laifi ba, na faɗa da bakina a sama. Amma laifin da aka rubuta min ba shi na yi ba. Kati daidai na cika shi, shi kaɗai ne ma abin da ke daidai a ranar.

To masu zuwa bayana, musamman ƙanena da aka ce shi zai riƙe yaran kafin a samo ƙwararren, ga ɗan abin da zan bar muku. In babba ya ba ka umarnin da ya saɓa doka ka ce ranka ya daɗe a turo min a rubuce ko a WhatsApp ne, za ka ga yadda maganar za ta mutu da kanta. Kar ka bari albashinka da dizal da kilorin duk su fito daga aljihun mutum ɗaya, ko naira ɗari biyar-biyar ce iyaye su riƙa haɗawa. Ka zaɓi 'yan karɓa-karɓa da agogo a gaban kowa ranar Alhamis, ka manna takardar a bango, agogo ba shi da ɗa.

Sauran ƙanana ne. Kwaɗo da malam-buɗe-littafi hannu biyu ake taɓa bango a lokaci ɗaya, ka yi ta nanatawa har su gaji da kai, mun yi asarar maki a zagayen farko a kan haka. Kar yaro ya bar dakali kafin ɗan'uwansa ya taɓa. Ka koya musu ƙarasawa da ƙarfi, ni kullum bidiyon Michael Phelps na Beijing 2008 nake nuna musu a waya inda ya ci mita 100 da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Da hunturu a mayar da tirenin bayan azahar, ruwan gasa digiri 25 zuwa 28 ake so, namu kuwa ba hita sai rana. 'Yan mata a ware musu lokacinsu da mace mai kula da kayan da ke rufe jiki, haka na shawo kan iyaye har muka samu 11 daga sifili, a duba rijista in ana musu. Kuma a riƙa leƙa bakin kogi, Kabala, Unguwar Rimi, duk inda yara ke wanka, mun daɗe muna cewa ninkaya ta 'yan Delta da Bayelsa ce alhali garin nan kogi ne ya raba shi biyu. Ni kaina a bakin kogin na koya, sai a 2009 da Kaduna ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa na san cewa abin nan har lambar zinare ake ba mutum a kai.

Yaron Kabala bai sake zuwa tirenin ba tun ranar. Ranar Asabar na je gidansu, mahaifiyarsa ta shimfiɗa min tabarma ta kawo ruwa, na ce Mama na zo ba da haƙuri ne, ni na cire shi kuma ba abin da ya yi. Ta ce malam ai ba komai, ka yi masa abin da ko mu ba mu yi masa ba, dama ɗan talaka in ya ga ya shiga cikin manya sai ya riƙa sa ran irin wannan. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na tambayi inda yake ta ce yana kogi.

Na gangara na same su su wajen bakwai a ruwa. Ya hango ni ya fito ya gaishe ni har ƙasa kamar yadda ya saba, gilashin da na saya masa na wuyan wani ƙaramin yaro da yake koya wa fitar da iska ta hanci. Na ce gobe ƙarfe 4 zan zo nan da igiya da agogon waya ta, ka tara min duk wanda ke so. Ya ɗan yi shiru yana kallon ruwa sannan ya ce koci a nan ma akwai kati? Na ce babu. Ya ce to za mu zo.