Tsohuwar dala ba ta son wanki

Tun da 'yan uwa suka ji ina tara tsofaffin sulallan Amurka wayata ba ta huta ba. Wannan ya turo hoto daga Kano, wancan daga Maraɗi, kowa da tsabarsa a tafin hannu, tambayar kuma ɗaya ce: "Yaya, nawa wannan za ta yi a can wajenku?" Galibi dalar azurfa ce mai ɗauke da shekarar 1804, an goge ta sai walƙiya take yi. Amsata ba ta yi musu daɗi, amma ba ni da wata. Dalar 1804 ta gaske, waɗanda aka sani a duniya ba su kai ashirin ba, kuma masana suna biye da sawun kowace. Ba ma a 1804 aka buga su ba. Sai wajen 1834 gwamnatin Amurka ta sa aka buga na farko don a kai wa sarakunan gabas tsaraba, ciki har da Sarkin Maskat (Oman ta yanzu) Sa'id bin Sultan da Sarkin Siyam (Tailan ta yanzu). Ta Sarkin Maskat ɗin an yi gwanjonta a 2021 a kan dala miliyan 7.68. To, irin wannan ce za ta ɓullo a tiren mai zobba a bakin tasha?

Abin da nake ta fama in fahimtar da mutanenmu shi ne, kowace tsohuwar tsaba farashi biyu gare ta. Akwai kuɗin ƙarfenta, wanda sikeli ke yankewa, wannan kowace Bahaushiya mai sarƙar zinariya ta san shi. Akwai kuma kuɗin da masu tarawa ke ɗorawa saboda ƙarancinta da lafiyar jikinta. Tsufa kaɗai ba ya cikin lissafin.

Ni dalar Morgan na fi riƙewa, don ita aljihuna ke iya ɗauka. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921, sunan kuma na wanda ya zana ta ne, George Morgan. Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. Wato tsantsar azurfar da ke cikinta ta ɗan haura giram 24. Ka duba farashin azurfa na ranar, ka yi lissafi, ka sami ƙasan farashinta, ba za ta faɗi ƙasa da haka ba sai in azurfar kanta ta faɗi. Ta 1921 da ta sha hannu, kusan nan take tsayawa, don a wannan shekarar kaɗai an buga sama da miliyan 80. Amma juya bayanta. Ƙarƙashin mikiyar, daidai saman haruffan D da O na kalmar DOLLAR, akwai wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar gero biyu ba. In babu komai a wurin, bugun Filadelfiya ce. In ka ga S, San Faransisko. O, New Orleans. CC, Carson City ta jihar Nebada. D kuwa Denver, ita kuma cikin tsofaffin a 1921 kaɗai. Dalar 1893 mai S guda 100,000 kacal aka buga, saboda haka ko ta siɗe har gashin matar da ke jiki ya shafe, dubban daloli ake maganarta. Azurfar cikinta daidai take da ta 1921, ko giram ɗaya ba ta fi ba.

Inda kuɗi ya taru a kan harafi ɗaya kuwa, dole 'yan damfara su taru. Sukan ɗauki ta 1893 ta Filadelfiya su liƙa mata S. Wani tsohon dillali a baje kolin sulalla da ake yi a nan Baltimore ya nuna mini yadda suke kama su. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma ya ce kada in ɓata lokaci a kan S ɗin, in duba gaba, cikin harafin T na kalmar LIBERTY da ke kambin matar. Akwai wani siririn ƙarce a karkace, wanda ya samo asali daga hatimin ƙarfen da aka danna musu zanen da shi. Duk ta gaske tana da shi. Sai da na karkata tsabar ga fitila kafin ya fito, kuma da ba a faɗa mini ba, ko shekara zan yi ina kallo ba zan lura ba.

Jabun da ake turo mini hotonsu ba su kai nan ba ma. Mayen ƙarfe kaɗai ya ishi da yawansu, don azurfa ba ta kama shi. Wanda ya tsallake wannan, sikeli mai auna giram zai tona shi, ko faɗinsa ya saɓa wa milimita 38.1. Akwai kuma sauti: ka ɗora azurfar gaske a kan ɗan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa gefenta, za ta yi ƙara siririya mai jan lokaci, ta bogi kuwa "ƙwas" za ta ce ta yi shiru. Sai dai kada ka gwada wannan a kan tsaba mai tsada a gaban mai ita, za ku ɓata.

Yanzu ga inda al'adarmu ke cutar mu. Mu mun saba abin azurfa ko na zinariya in ya dafe a kai wa maƙeri ya wanke, ya dawo fes, darajarsa ta ƙaru a idon mai saye. A wannan harka akasin haka ne. Wani abokina direba, mutumin Damagaram, ya sayi gwangwanin tsofaffin daloli a gwanjon kayan wani gida, cikinsu har da masu CC guda biyu da suka yi duhu-duhu, gefensu ya ɗauki launin shuɗi da ruwan goro. Kafin ya kira ni ya zauna da toka da lemun tsami ya dirje su tas. Da ya kawo, murna yake yi: "Malam, dubi yadda suka fito!" Na rasa ta inda zan fara. Tsabar da ba ta taɓa yawo ba tana da wani sheƙi da ƙarfin bugu ya bar mata. In ka juya ta a hankali ƙarƙashin fitila, hasken yana zagaya fuskarta kamar hannun agogo. Wanki yana kashe wannan har abada, ya bar dubban ƙananan layuka da gilashi ke nunawa. Duhun nan da ya kankare, wasu masu tarawa ƙarin kuɗi suke biya saboda shi. Dillalin da muka kai wa bai yi minti ɗaya yana dubawa ba ya ce an wanke, ya yi tayin da bai kai rabin abin da da zai bayar ba.

Lafiyar tsaba da lamba ake faɗinta, daga 1 zuwa 70, ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama ita ce wadda ba ta shiga hannun jama'a ba. A jikin Morgan wuri uku ake fara dubawa: gashin da ke saman kunne, kunci, da gashin ƙirjin mikiya, don nan ne suka fi tudu, nan hannu ke fara ci. Kamfanoni biyu aka fi yarda da hukuncinsu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Su duba, su ba da lamba, su rufe tsabar cikin roba mai lambar rajista. Wadda aka wanke sukan tabbatar ta gaske ce, amma su hana ta lamba, su rubuta aibinta a jiki. Ni dai ina da ƙorafi a kan yadda mutane suka koma sayen roba maimakon abin da ke cikinta. Tsakanin 64 da 65 wani lokaci kuɗi ninkawa yake, alhali in aka ɓoye lambar, da yawa daga masu cika bakin ba za su bambance ba. Ita ma robar ana yin jabunta, sai ka shiga shafin kamfanin ka duba lambar ka gwada da hoton.

Ƙarancin ma da ake taƙama da shi ba tabbas gare shi ba. Dokar Pittman ta 1918 ta sa an narkar da dalolin azurfa sama da miliyan 270, aka sayar wa Birtaniya da mafi yawan azurfar saboda buƙatarta a Indiya, kuma ba a rubuta shekarun waɗanda aka zuba a wuta ba. Sai aka yi ta zaton ta 1903 mai O duk ta tafi a ciki. Farkon shekarun 1960 sabuwarta dala 1,500 ake yi mata kuɗi. A ƙarshen 1962 baitulmalin Amurka ya buɗe wani ɗakin ajiya, sai ga buhunanta, kowane buhu guda dubu, ba a taɓa kwance su ba. Cikin ɗan lokaci ta koma ba ta kai dala 50 ba. Wanda ya saya ana saura wata guda, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri.

Zinariya ba na yawan taɓa ta, amma tsabar dala 20 da Augustus Saint-Gaudens ya zana bisa roƙon Shugaba Theodore Roosevelt, wadda aka buga daga 1907 zuwa 1933, ko kallo ya ishe ka. Tsantsar zinariyar cikinta ta ɗan haura giram 30. Shekaru irin 1924 da 1927 suna da yawa, don ɗimbinsu sun kwana a bankunan Turai suka dawo daga baya, farashinsu bai cika nisa da na ƙarfen ba. Ta 1933 ce labari. An buga 445,500, sai Shugaba Franklin Roosevelt ya hana jama'a ɓoye zinariya a wannan shekarar, aka ba da umarnin narkar da su ba tare da an fitar ba. 'Yan kaɗan suka sulale ta bayan gida. Ɗaya ta faɗa hannun Sarki Faruƙ na Masar a 1944, har da takardar izinin fitarwa da hukuma ta bayar bisa kuskure. Bayan an hamɓarar da shi a 1952 aka sa ta cikin kayan gwanjo a Alƙahira a 1954, Amurka ta nemi a cire ta, daga nan ta yi ɓatan dabo. Sai a 1996 jami'an tsaro suka kama wadda ake kyautata zaton ita ce a hannun wani dillali ɗan Ingila a New York. Bayan shari'a da sulhu aka sayar da ita a 2002 a kan dala miliyan 7.59, kuma abin dariya, sai da aka ƙara dala 20 a kai don ta zama halastaccen kuɗi. A 2021 ta kai miliyan 18.9.

Wani abu da dillalan nan ba za su tuna maka ba shi ne zakka. A lissafin da malamai da yawa ke bi, nisabin zinariya giram 85 ne, na azurfa 595. Ke nan tsabar dala 20 guda uku sun haura nisabi, Morgan kuwa guda 25. Akwatin da kake ganin na sha'awa ne, shekara na zagayowa yana da haƙƙi a kansa. Kuma tunda zinariya da azurfa ne, ni ba na karɓa bashi ko biya kaɗan-kaɗan, hannu da hannu nake yi.

Abin da na sa gaba yanzu shi ne jerin Carson City. Gidan bugun nan an buɗe shi a 1870 saboda azurfar da aka tono a Comstock, wani wurin haƙar ma'adinai da ke kusa da garin, ya daina bugu a 1893, kuma shekaru 13 ne ya buga Morgan. Masu sauƙin su ne 1882 da 1883 da 1884, saboda gwamnati ta tarar da su jibge a ajiya ta sayar wa jama'a tsakanin 1972 da 1980 cikin wata baƙar roba mai tauri. Ta 1884 ma fiye da kashi 80 cikin ɗari na duk abin da aka buga a wannan ajiyar aka same shi, shi ya sa sabuwarta fil ta fi wadda ta sha hannu sauƙin samu. Waɗannan ukun suna hannuna, a robarsu ta asali, ban fasa ba. Ta 1889 kuwa, mai guda 350,000, na gaya wa uwargida in ta ji na saye ta to a binciki asusun kuɗin makarantar yara.