Kwana goma a kudancin Jojiya, bayan guguwar Helene

Yau kwanana shida da dawowa, amma har yanzu in na rufe ido abin da nake gani shi ne bishiyoyi kwance a jere, kawunansu duk sun kalli gefe ɗaya, saiwoyinsu a sama da jar ƙasa manne a jiki. Mu tara muka je, duka malaman gona, a wani shirin ƙara wa juna sani. An tsara tafiyar tun kafin damina don mu ga noman gyaɗa da auduga a jihar Jojiya ta Amurka. Sai Allah ya kawo mahaukaciyar guguwar da suka sa wa suna Helene, ta shigo ta gaɓar Fulorida daren 26 ga Satumba 2024 da iska mai gudun kusan kilomita 225 a awa, kafin gari ya waye ta ratsa kudancin Jojiya. Muka sauka tsakiyar Nuwamba, mako bakwai bayan haka.

Maraba ta farko ba ta yi daɗi ba. A filin jirgin da muka fara sauka, kafin mu canza jirgi, an sami kilishi a jakata. Na rubuta shi a takarda, ban ɓoye ba, kuma a matsayina na malamin gona na san dalilin hana shiga da nama, cututtukan dabbobi ba abin wasa ba ne. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda jami'in ya ɗaga ƙunshin da yatsu biyu yana yamutsa fuska, ya jefa a kwandon shara, bai ko dubi fuskata ba. Tsaraba ce mahaifiyata ta sa aka yi don mutanen da za su sauke ni. Da ya ce mini "yi haƙuri, doka ce", da shi ke nan.

Daga Atlanta zuwa Tifton tafiyar awa uku ce, titi shimfiɗe, ba abin faɗa. Sai da muka yi gabas muka nufi Douglas sannan motar ta yi tsit. Rufin gidaje an lulluɓe da shuɗin tamfol. Injinan ban ruwa masu zagayawa, waɗanda tsawonsu ya fi filin ƙwallo, sun murɗe sun kife a tsakiyar gonaki. Dogayen ɗakunan kiwon kaji sun durƙushe, kwano a baje. Auduga kuwa ta yi fari a ƙasa, domin guguwar ta same ta daidai lokacin da ta buɗe ana shirin tsinka. Gyaɗa ce ta ɗan sha, tunda tana cikin ƙasa, sai dai rashin wutar lantarki ya tsayar da injinan busarwa a wuraren saye na tsawon kwanaki.

An haɗa ni da malamar gonar wata gunduma, na bi ta kwana uku a motarta mai buɗaɗɗen baya. Tsarinsu ya girmi namu nesa. Tun 1914 dokar Smith-Lever ta ɗora aikin malaman gona a kan jami'o'in noma na jihohi, kuma gwamnatin tarayya da jiha da gunduma ne ke haɗa kuɗin. A Jojiya gundumomi 159 ne, duk aikin ya kai gare su. Ita a garin take zaune, 'ya'yanta a makarantar garin suke, kuma itace ya faɗo a kan rufin gidanta a daren nan kamar na kowa. Ta ce washegari da zarton inji suka fito ita da mijinta suna yanke itatuwan da suka tare hanya, ba waya, ba wuta, sai ka isa ƙofar gidan mutum sannan ka san yana raye.

Na tambaye ta abin da ta fara gaya wa manoma. Ta ce magana ɗaya ce: kada ka taɓa komai sai ka ɗauki hoto. Kafin ka kwashe itace, kafin ka binne kaji, kafin ka gyara shinge, ɗauki hoto mai kwanan wata, ka ƙirga, ka ajiye rasit na man da ka saya da ladan wanda ka ɗauka aiki. Kamfanin inshora da ofishin tallafin manoma na tarayya ba su biyan kuka, shaida suke nema. Ita da takwarorinta na sauran gundumomi suka bi gona gona suna cike takardar asara, eka nawa, kashi nawa ya lalace, suna aika wa masana tattalin arziki na Jami'ar Jojiya. Cikin mako biyu aka fitar da ƙiyasin farko, dala biliyan 6.46 a noma da katako. Da wannan lissafin shugabannin jihar suka tafi Washington neman agaji.

A nan ne zuciyata ta koma gida. A ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya cinye shinkafar mutanenmu a kwarin Haɗeja, ni ma na bi ƙauyuka a babur, wani wurin a kwalekwale, da littafin rubutu na 'yan firamare. Ka tambayi mutum girman gonarsa, ya ce tana cin tiya goma ta iri. Wani ya ce daga tsamiya zuwa bakin kogi, kuma tsamiyar tana ƙarƙashin ruwa. Ba wanda ya yi mini ƙarya, amma ba ni da abin da zan ɗora a tebur in ce ga asarar ƙauyen nan. Da aka turo masu ɗaukar sunaye daga sama, rabin waɗanda na sani sun yi asara ba su shiga ba. Wannan baiwar Allah kuwa ta san gonakin tun kafin guguwa, tana da awon ƙasarsu da abin da suka shuka, don haka ragi kawai take yi.

Ba wai nasu ya zo da sauri ba. Manoman na ta ambaton guguwar Michael ta Oktoba 2018, wadda sai a Yuni 2019 aka sa hannu a dokar agajinta, kuɗin kuma suka ƙara ɗaukar lokaci. Har muka baro ƙasar ana jiran majalisa a kan na Helene. Ashe jiran gwamnati ba a Najeriya kaɗai ake yinsa ba.

Rana ta biyu ita ce ba zan manta ba. Muka je wurin wani dattijo mai lambun pikan, wani ɗan itace mai ɓawo, cikinsa da maiƙo kamar gyaɗa. Kakansa ne ya dasa manyan bishiyoyin. Ya ɗauke mu layi layi, yana dafa kututturan da suka faɗi kamar mai gaisuwar mutuwa. Malamar ta durƙusa ta duba saiwoyi, ta nuna masa ƙanana da za a iya tayarwa a ɗaure da turaku, ta kuma gaya masa gaskiya cewa manyan da suka tuge sun tafi. Sabon dashe sai ya shekara shida ko bakwai kafin ya fara 'ya'ya, ya fi goma kafin ya biya wahala. Dattijon ya haura saba'in. Ya yi shiru yana kallon ƙasa. Na zaci za ta ci gaba da bayanin taki da iri, sai ta rufe littafinta ta ce, "Kana samun barci kuwa?" Suka zauna a bayan mota kusan awa guda, ni na ja gefe. Da za mu tafi ta bar masa ƙaramin kati mai lambar 988, layin da masu ƙuncin rai ke kira, ta ce za ta dawo ranar Juma'a. A hanya ta ce mini an horar da su a kan haka, domin manomin da ba zai taɓa zuwa wurin likita ya ce zuciyarsa ta karye ba, zai faɗa wa malamin gonarsa. Shekarata goma sha tara a aikin nan, na ga mutanen da suka daina fita majalisa bayan ambaliya, ban taɓa ɗaukar tambayar nan a cikin aikina ba. Mu namu ya tsaya a "Allah ya mayar da alheri", addu'a ce mai kyau, amma muna faɗa muna hawa babur.

Sauran aikin ƙanana ne masu yawa. Abokiyar aikin malamar mai kula da harkar iyali tana karɓar ruwan rijiya a kwalabe a aika ɗakin gwaji, tana koya wa mutane wanke rijiya da sinadarin kulorin, da cewa abincin firji ba ya wuce awa huɗu ba wuta. Masu shanu ana gargaɗinsu a kan ganyen wata bishiyar ceri ta daji, in ta faɗi ganyen ya yi yaushi yana kashe saniya. Na ce mata mu ma haka muke tsoron gyauron dawa, ta ce ai guba ɗaya ce. Masu gandun katako kuwa suna tsere da lokaci kafin itacen da ya faɗi ya ɓaci, ga farashi ya karye saboda kowa na sayarwa.

Matar dattijon nan ta gayyace mu abincin dare. An gaya mata ba na cin alade, kuma su can har a ganye da wake suna jefa shi, sai ta dafa nawa a tukunya daban, ta kai ni kicin ta nuna mini da idona. Wake, soyayyar kuɓewa, masara, kifi. Lokacin magariba ta shimfiɗa mini tawul mai tsabta a ɗakin baƙi ba tare da na roƙa ba. Mutanen da suka yi asarar abin da aka tara shekara tamanin! Na ba ta labarin kilishin, ta ɗaure mini pikan cike da jaka ta ce in kai wa mahaifiyata.

Ladabinsu ya burge ni, yaro ba ya amsa wa babba sai da "ranka ya daɗe" irin tasu, kuma duk motar da kuka yi kiciɓis a hanyar ƙauye sai direba ya ɗaga maka yatsa. Tsada kuwa ba magana. Dafaffiyar gyaɗa a bakin titi, kofi ɗaya dala biyar, sama da naira dubu takwas a canjin lokacin, abin da yarinya za ta ba ka a faranti a tashar Haɗeja da canjin aljihu. Kuma sun dafa ta ta yi lugub, gishiri ya yi yawa. Araha ɗaya na samu, rigar sanyi mai kauri a shagon gwanjo dala takwas.

Valdosta mun yi wuni ɗaya, garin da guguwar Idalia ta buga a Agusta 2023 kafin wannan ta sake zuwa. Mun leƙa Jami'ar Fort Valley, wadda malamanta ke aiki da ƙananan manoma, yawancinsu baƙar fata, gonakinsu sun fi kama da namu. Mun bi ta Plains, garin tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, manomin gyaɗar da ya cika shekara 100 a Oktoba 2024, wanda da hannunsa a shirin bunƙasa noma na Sasakawa Global 2000 da ya horar da da yawa daga cikinmu. Daga nan Atlanta, sai Abuja, sai gida.

Hajiya ta ɗanɗana pikan ta ce gyaɗar Bature ce. Ranar Asabar na yi da mai unguwa za mu fara auna gonakin fadama da wayar hannu, gida gida, tun ruwa bai dawo ba.