Yaron da hannunsa ba ya bin umarninsa

Akwai yaron da kansa ke ja, bakinsa garau, amma maɓalli ɗaya sai ya ci masa minti biyar. Kofi ya suɓuce, ƙwallo ta wuce tsakanin tafukansa, rubutu kuma kamar tonon kaza. A gida a ce ganganci ne, a aji a ce lalaci. Likitoci suna kiran abin DCD, wato tangarɗar daidaita motsin jiki tun tasowa. Kundin DSM-5 na 2013, littafin da likitoci ke dubawa wajen gane matsalolin ƙwaƙwalwa, ya ƙiyasta tana samun yara 5 zuwa 6 cikin ɗari, masu shekara 5 zuwa 11, kuma maza sun fi yawa.

Tsokar yaron lafiyarta lau, matsalar a tsara motsi take. Kafin hannu ya kai ga kofi, ƙwaƙwalwa ta riga ta yi kirdadon nisa da nauyi, tana kuma gyara kuskure tun hannun na hanya. Bincike da yawa ya karkata ga cewa kirdadon nan ne ke da rauni. Shi ya sa yaron ke kafa wa hannunsa ido, yana gyara bayan ya riga ya kuskure. Daga nan jinkiri da saurin gajiya suke fitowa.

Ba a yanke hukunci da kallo kawai. Sai an tabbatar ba raunin gani ba ne, ba ciwon tsoka ba, ba kuma shanyewar jiki daga ƙwaƙwalwa ba. Gwajin da aka daɗe ana amfani da shi, Movement ABC-2 na 2007, an yi shi don 'yan shekara 3 zuwa 16. Ayyuka 8 ne: zura tsabar kuɗi a akwati, zira duwatsun wuya a zare, jifa da cafewa, tsayuwa da ƙafa ɗaya da makamantansu. Galibi ba a tabbatar da DCD kafin shekara 5, don ƙanana kowa da saurin tasowarsa. A duba ADHD ma, wato matsalar rashin mai da hankali da yawan ƙiriniya, kusan rabin yaran nan suna da ita.

Kuskuren da aka fi yi wajen taimako shi ne a sa yaro motsa jiki barkatai, ana jiran rubutu ya gyaru da kansa. Da wuya. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kan DCD da aka sabunta a 2019 sun fifita a koyar da aikin da ake so ɗin kai tsaye. Hanyar CO-OP, wadda Helene Polatajko da abokan aikinta suka tsara a Kanada, tana da mataki huɗu: manufa, shiri, aikatawa, dubawa. Yaron ne ke zaɓen abin da yake son iyawa, babba kuma tambaya yake yi, ba ya ba da amsa.

A ɗauki maɓalli. Fara da babba mai sakakken rami, rigar tana shimfiɗe kan tebur, ba a jiki ba, don ido ya ga komai. Ka tura maɓallin rabi, shi ya ja ya ƙarasa. In ya kuskure, tambaye shi: "Ina babban yatsanka yake lokacin da ya suɓuce?" Bari ya sake shiri da bakinsa. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar hutu, kuma kada a yi da safe ana sauri. Sai ya iya a tebur sannan rigar ta koma jikinsa, a fara daga maɓallin ƙasa, wanda yake iya gani.