Ina mutanen Old Nichol suka koma?

A karatun tsara birane, unguwar da ta fi tsaya mini a rai ita ce Old Nichol, a gabashin Landan. Wajen 1890 mutane fiye da 5,000 ne ke cunkushe a lungunanta, iyali guda a ɗaki guda, wasu ma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi. A ɗakin da ake kwana, nan ake girki, nan ake sassaƙa kujerun sayarwa. Cikin jarirai huɗu, ɗaya ba ya kai shekara. Masu gidajen kuwa suna can nesa, kuɗin haya kawai suke aiko a karɓa musu.

Majalisar birnin Landan ta rushe unguwar, ta gina Boundary Estate, aka buɗe a 1900. Gidajen bulo ne masu kyau, iska na shiga, har yau mutane na zaune a ciki. Tudun shaƙatawa da ke tsakiya, Arnold Circus, da ɓaraguzan tsohuwar unguwar aka tayar da shi.

Sai dai tsofaffin mazauna 11 kacal suka samu shiga sababbin gidajen. Hayar ta fi ƙarfinsu, don haka masu albashi suka tare. Sauran suka kwashi komatsansu zuwa lungunan maƙwabta, cunkoso ya ƙaru a can. A takarda an yi maganin ƙazanta, alhali matsar da ita gaba kawai aka yi. Tun daga nan, duk taswirar gyaran unguwa da aka ajiye a gabana, kafin in dubi faɗin titi sai na tambayi nawa ne hayar sabon ɗaki, kuma nawa mai turin baro ke samu a mako.

Octavia Hill, mai fafutukar gyaran gidajen talakawa a Landan, ta bi wata hanya tun 1865. Da kuɗin marubuci John Ruskin aka sayi gidaje uku a unguwar Marylebone, ta gyara su mutanen na ciki, daga baya mata ke zagayawa karɓar haya duk mako suna duba abin da ya lalace. Matar ba ta da sassauci, wanda ya ƙi biya sai ya fita, kuma ban cika son yadda take sa wa talaka ido ba. Amma dai ba ta raba shi da wurin neman abincinsa ba.

Rusau irin na Old Nichol bai tsaya a Landan ba. A Legas, lokacin da gwamnatin soja ta rushe unguwar talakawa ta Maroko a Yulin 1990, wa'adin mako guda aka ba mazauna su tattara kayansu.